Tarihin Rayuwata, Kashi na 12: Daga Rufe Ƙofa Zuwa Bakin Titi

Assalamu alaikum, masu bin wannan tarihi. Makon jiya mun tsaya ne a filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja, an rufe ƙofa, motar turi ta kama tayar gaba. Yau zan ajiye labarin kaina a gefe, domin wanda bai san abin da ke gudana a ɗakin tuƙi cikin mintunan nan ba, sauran labarin zai shige masa duhu.

Matuƙa biyu ne, kyaftin a kujerar hagu, mataimakinsa a dama. Shirya jirgi kuwa hawa biyu ne. Da fari hannu yake bin maɓallai da ka, bisa tsarin da aka haddace. Sannan a ɗauko cekilis, wato ɗan katin da aka jera abubuwan da mantuwarsu ke iya cin rai. Ɗaya ya kira, ɗayan ya duba ya amsa. Asalin katin nan daga Amurka ne, bayan wani sabon jirgin yaƙi na Boeing ya faɗi wajen gwaji a 1935, saboda ƙwararrun matuƙansa sun tashi ba su cire makullin da ke ƙame sitiyari ba.

A Boeing 737 na zamani, cekilis ɗin gab da tashi abu biyu ne kacal: filaf, da saitin wutsiya, wato daidaita kwanciyar ƙananan fukafukan wutsiya don hanci ya ɗagu daidai. Filaf shi ne faifan da ke zamowa daga bayan fiffike, yana da abokin aiki a gaban fiffiken, su biyun suna ƙara masa faɗi da lanƙwasa don ya iya ɗaga jirgi tun gudu bai yi yawa ba. Ana tashi da filaf a kan lamba 1, 5, 10, 15 ko 25, an fi amfani da 5. Gudun da za a ɗaga hanci da shi an lissafa shi ne bisa nauyin jirgi da wannan lamba. Idan filaf na ninke aka ɗaga hanci a wannan gudun, fiffike ba zai ɗauka ba. Sitiyari zai kama kakkarwa, jirgi ya riƙa tangaɗi dama da hagu, ga ƙasa kusa, babu sararin gyara. Shi ya sa amsar "biyar, koriyar fitila" take buƙatar ido ya sauka wuri uku: hannun filaf yana kan 5, allura ta nuna 5, fitilar da ke shaida na gaban fiffike sun fito ta kama.

To, me zai sa ƙwararre ya manta abu biyu? Ku ɗauki la'asar ɗin watan Maris a Abuja. Zafi ya kai maƙura, jirgi ya makara, an tsayar da kowa saboda wani babba zai tashi. Ana sakin hanya, jirage biyar na neman titi ɗaya. Iska ta juya, hasumiyar ba da umarni ta ce a bar titi mai lamba 22 a koma mai lamba 04, dole a sake lissafi a sake shigar da hanya cikin kwamfuta. Mataimaki ya buɗe baki zai kira filaf, rediyo ya katse shi da umarni, yana maimaitawa sai shugabar ma'aikatan ciki ta buga ta ce wani fasinja ya miƙe tsaye. Da aka gama da waɗannan, zuciya ta riga ta rubuta cewa an yi cekilis, alhali an fara ne kawai. Wannan katsewar ita ce makasa. A Jos kuwa mantuwar filaf ta fi tsanani, domin filin Heipang ya haura ƙafa 4,000 bisa teku, iska ba ta da kauri, jirgi na cin titi da yawa kafin ya ɗagu.

Ranar 16 ga Agusta 1987, jirgin Northwest ƙirar MD-82 ya tashi daga Detroit bayan an canza masa titi, matuƙan suka tsallake cekilis ɗin tafiya a ƙasa ɗungurungum, filaf na ninke. Cikin mutum 155 yarinya ɗaya 'yar shekara huɗu ce ta rayu. Shekara guda bayan nan, 31 ga Agusta 1988, a Dallas, matuƙan Boeing 727 na Delta suka daɗe a layi suna hira da ma'aikaciyar jirgi. Wannan shi ya fi tsaya mini a rai, saboda su sun karanta cekilis. An kira filaf, na'urar naɗar murya ta kama mataimaki yana amsa "sha biyar, sha biyar, koriyar fitila", nan take, ba jinkirin da ido zai duba. Filaf kuwa bai fito ba. Baki ne ya amsa abin da ya saba, kamar yadda ake cewa "lafiya lau" kafin a gama gaisuwa. Mutum 14 suka rasu. A Madrid kuma, 20 ga Agusta 2008, jirgin Spanair ya koma gyara bayan ya kai bakin titi, ya sake fitowa a makare cikin gaggawa, kuskuren shi ne dai, mutum 154 cikin 172 suka tafi.

Wani zai ce ai akwai ƙararrawa. Akwai. A 737, idan aka tura totur filaf ba ya kan lambar tashi, ko saitin wutsiya ya fita daga koren zane, ko birkin ajiya na ɗaure, ƙaho zai yi ta ƙara. Amma a duk haɗurran nan uku ƙahon bai yi ƙara ba, ya sami matsala ba wanda ya sani. Wanda ya jingina da shi, ya jingina da bangon da bai gwada ba.

Tun 1981 hukumar jiragen sama ta Amurka ta kafa dokar kame baki: daga fara motsi a ƙasa har a wuce ƙafa 10,000, ba hira, ba cin abinci, ba cike takardun da ba su shafi tashi ba. Kamfanonin duniya sun ɗauka. Bayan ita, matuƙi mai tarbiyya yana riƙe wasu ɗabi'u. Idan aka katse cekilis, ya ɗora yatsa a layin ya bar katin a hannu, kada ya mayar da shi mazauninsa, in kuma shakka ta shigo a koma daga farko, daƙiƙa ashirin ce. Kada a amsa da "an yi", a faɗi lambar da ido ya gani. In an canza titi, a ja birki a tsaya a yi lissafi, a gaya wa hasumiya ba a shirya ba. Ba a korar kowa kan wannan.

Saura wanda ya shafe mu musamman. An tashe mu da kunyar na gaba, yaro ba ya gyara wa babba magana a bainar jama'a, kuma tarbiyya ce mai kyau. Sai dai a kujerar dama, matashin da ya ga allura ba ta motsa ba ya yi shiru don kada ya ci fuskar kyaftin mai furfura, ya ci amanar mutanen da ke bayansa. Ladabi bai hana a ce, "Ranka ya daɗe, ban ga koriyar fitila ba, a dakata." Kyaftin na ƙwarai kuma tun kafin a tayar da inji yake cewa, "Ƙanena, duk abin da ka gani ka faɗa, kada ka jira ni."

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu hau titi na 22 mu tura totur, mu ga abin da ake yi idan inji ya mutu kafin gudun yanke shawarar tsayawa ko tashi da kuma bayansa.