Katanga ma gini ce: abin da aikin zagaye filaye ya koya mini a Gombe

A Gombe, mutum in ya sayi fili, kafin ya yi zancen ɗaki ko rijiya, kuɗin katanga yake fara tambaya. Kuma yana da gaskiya, domin filin da aka bari a buɗe ko dai ya koma bola, ko yara su kafa raga a ciki, ko a wayi gari wani dillali ya sake sayar da shi ga mutum na biyu. Aikina ke nan shekara da shekaru: awo, lissafin bulo da siminti, da tsayuwa a kan birkiloli. Mafi yawan masu kirana, da na ambaci izini sai su yi dariya. "Haba Injiniya, katanga ce fa, ba bene ba." Ni ba injiniya ba ne, amma a bakin aiki duk wanda ya riƙe tef sunansa ke nan.

A wurin doka katanga gini ce. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, shi ya sa takardar mallakar da ake ba mai gida izinin zama ce, galibi na shekara 99. Dokar tsara birane ta 1992 kuma ta ce duk wanda zai yi gini sai ya nemi izini tukuna. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara birni da ba da izinin gini hurumin jihohi ne, don haka abin da ake bi a Gombe na Gombe ne, na Bauchi na Bauchi, ko da yake jiha ɗaya muke kafin 1996. A nan, bayanan fili suna GOGIS, wato hukumar da ke kula da rajistar filaye ta jihar, izinin gini kuma yana hannun hukumar tsara birane ta jiha. Takardar da aka rubuta a gaban mai unguwa da shaidu tana da amfaninta, shaida ce cewa an yi ciniki an biya. Amma ba ta ba kowa izinin ɗora bulo ba.

Abin da ake nema ba wani mai wuya ba ne: takardar fili, taswirar safiyo, zanen da ke nuna inda katanga da get za su zauna, sai kuɗin da aka yanka, wanda ake biya a karɓi rasit. A nemi rasit ɗin nan, a adana shi.

Da farko na ɗauka ƙarfin bulo da zurfin tushe ma'aikatan za su zo dubawa. Ashe abin da ya fi damunsu shi ne layi, wato a ina katangar za ta tsaya. Da na daɗe a aikin sai na ga ai nan ɗin ne duk rigimar take.

Akwai wani fili a wata sabuwar unguwa, irin na awon igiya, hamsin da ɗari. Kusurwa uku akwai shaidar kankare, ta huɗu ta ɓace. Dillali ya zo ya share ƙasa da takalminsa kusa da wata tumfafiya, ya ce, "Alhaji, daga nan ne, ni na buga fegin da hannuna." Mai fili ya gamsu, har ya sa lebura ya ɗauko diga. Na ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri safiyo ya zo." Bai ji daɗi ba, don tifar yashi ta riga ta juye, birkiloli na zaune a inuwa suna cin kuɗin yini. Da safiyo ya kafa na'urarsa, sai kusurwar ta faɗo wajen taku biyu cikin filin, nesa da tumfafiyar. Abin da dillali ya nuna cikin layin unguwa yake. Ba na jin ƙarya ya yi da gangan. Lokacin da aka yanka wurin gona ce, kowa kuma da bishiyar da yake tunawa.

Taku biyu a ido ba komai ba ne. Amma in na dama ya ci biyu, na hagu ya ci biyu, layin da aka yanka don motoci biyu su gifta sai ya koma lungun da ko motar ruwa ba ta shiga, balle ta kashe gobara. Ranar da gwamnati ta zo shimfiɗa kwalta da lambatu, ba ruwan katafila da tumfafiya, taswira take bi. Sai ka ga jan fenti a jikin katanga. Filin hamsin da ɗari kewayensa ƙafa 300 ne, kusan mita 91, kuma katanga mai tsawon kirki tana cin bulo sama da 2,000, ban da rodi da kankaren ginshiƙai. Ko fuska ɗaya aka rushe an yi asara, ga get, ga dakali, wani lokaci har da sokawe da aka haƙa a waje. Ginin da ya hau hanya ba tare da izini ba kuwa, da wuya mai shi ya ga diyya.

A bakin manyan titunan tarayya, kamar wanda ya tafi Bauchi ko wanda ya bi ta Kumo zuwa Yola, haƙƙin hanya mita 45.72 ne daga tsakiyar titi, kowane ɓangare. Wayar wuta ma da nata: babban layi mai 330kV mita 25 kowane gefe, mai 132kV mita 15, ƙananan nan na 33kV da 11kV mita 5.5. Filin da ya yi araha fiye da na maƙwabtansa, kafin a yi murna a ɗaga kai a duba sama.

Sai ruwa, wanda a Gombe shi ne babban darasina. Garin a gangare yake, ruwa yana saukowa daga tudun yamma, ƙasar kuma rairayi ce mai saurin zaizaya. Duk wanda ya ga kwarurrukan da suka ratsa unguwanni ya san ba wasa ba ne. Da rani, hanyar ruwa ba ta da wata alama sai ɗan farin yashi mai laushi da ya kwanta a tsakiyar fili, da 'yan ledoji maƙale a gindin ciyawa duk sun karkata gefe guda. Mai saye a watan Maris ba ya lura. In aka datse wurin da katanga, ruwan Agusta ko dai ya kwantar da ita, ko ya juya ya shiga gidan talakan da ke ƙasa. Na biyun ya fi muni, don mai katanga yana barcinsa bai ma sani ba. Shi ya sa yanzu kafin awo nake neman dattijon da ya noma wurin in tambaye shi, "Baba, in an yi ruwa ta ina yake bi?" Amsarsa ce take nuna mini inda zan bar kafofi a gindin katanga, da inda tushe zai ƙara zurfi.

Ba zan ce neman izinin daɗi gare shi ba. Akwai jira, akwai je-ka-ka-dawo, farashin siminti kuma ba ya jiran kowa. Akwai kuma masu zuwa bakin aiki a babur su ce a ba su na goro su kau da kai. Wannan kuɗin ba ya sayen komai, domin wanda zai zo da fenti badi ba shi ne wanda ya karɓa bana ba.

Abu guda da izinin ba ya warwarewa shi ne katangar tsakani. Malamanmu suna yawan tunatar da hadisin da ke gargaɗi a kan cin ko da taƙi ɗaya na ƙasar wani, amma rigimar da na fi gani ba ta cin iyaka ba ce. Wanda ya riga zuwa ya gina da kuɗinsa, na biyu ya zo bayan shekaru ya jingina ɗaki ko ya ɗora kwano a kai, indararo yana zuba a gidan mai katangar. Don haka ranar da za a ja igiya nakan roƙi mai aiki ya kira maƙwabtan duka uku da mai unguwa, kowa ya ga fegi da idonsa. A rubuta a takarda ko katangar ta mutum ɗaya ce a cikin filinsa, ko ta haɗaka ce a kan iyaka, wa ya biya nawa, kuma ko an yarda a ɗora rufi a kanta. Kowa ya sa hannu, kowa ya tafi da kwafinsa, sannan lebura ya sara ƙasa.