Shago ba ya rabuwa kamar gona: abin da ɗan kasuwa zai shirya tun yana da ƙarfi

A ce ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari ya rasu. An yi masa sutura, an biya basussukansa, abin da ya rage a shago da sito ya kai naira miliyan 24. Ya bar mata biyu, da mahaifiya, da 'ya'ya maza shida, mata biyar. Matan za su raba tumuni, wato miliyan 3, kowacce miliyan ɗaya da rabi. Mahaifiya tana da sudusi, miliyan 4. Saura miliyan 17: kowane namiji miliyan 2, kowace mace miliyan 1. Rabon ya fita daidai yadda Suratun Nisa'i ta tsara, ba a zalunci kowa ba. Amma jarin da ke sauke dila-dilan atamfa ya tarwatse gida 14, kuma babu kason da zai iya riƙe shagon. Da gona ce sai a ja igiya kowa ya noma nasa. Shago kuwa idan aka yanka shi, ya mutu.

Kafin ma a kai ga rabo, inda rigima ta fi tashi shi ne gane mene ne na mamacin. Jarin yawancin shagunanmu a cakuɗe yake. Akwai kuɗin gwal da uwargida ta sayar ta ba shi ya juya mata, akwai na ƙane da aka zuba bisa ƙiradi, wato a juya a raba riba, akwai ajiyar marayu, ga kayan da aka karɓo bashi daga manyan diloli. Duk lissafinsu a cikin kan mai shago yake, shi kaɗai. Ranar da ya faɗi, uwargida ta ce tana da miliyan biyu a ciki, 'yan ɗakin amarya su ce ina shaida? Maganin littafi ne guda mai bango mai ƙarfi, daban da na ciniki. Kowane mai kuɗi a ba shi shafinsa: suna, adadi, ranar karɓa, sharaɗin riba, sa hannunsa da na shaidu biyu. Waɗanda kake bi su ma haka. A sabunta shi sau ɗaya a shekara, kuma lokacin ƙidayar kaya don fitar da zakka ya fi dacewa, tunda dama ana lissafi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, amma har yau kunyar cewa ɗan'uwa ya sa hannu ake ji.

Sai kyauta. Mutum ya ce a gaban jama'a ya ba wance gidan nan, amma shi ke karɓar haya har ya rasu. A mazhabar Malikiyya kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓi abin ya shiga hannunsa kafin mai bayarwa ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali. In ba haka ba, gida ya koma cikin gado. Don haka a miƙa makulli, a sanar da 'yan haya sabon mai gida, a canza suna a takarda. Idan fili ne mai takardar mallaka ta gwamnatin jiha, dokar filaye ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna.

Wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji sai in sauran magada sun yarda. To wa za a yi wa? Jikokin da ubansu ya riga kakansu rasuwa, domin baffanninsu suna kange su daga gado. Da yaron shago da ya yi shekara goma sha biyar ba a sallame shi ba. Da agola da ya tashi a gidan.

Shi kansa shagon, rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ba ta raba shi da kai. Kamfani mai hannun jari shi ne ke da rayuwar kansa, kuma tun dokar kamfanoni ta 2020 mutum ɗaya ma na iya buɗe shi. Amfaninsa a nan: magada su gaji hannun jari gwargwadon kasonsu, kaya su zauna a kan kantar shago. A rubuta wanda zai riƙe shagon da albashinsa, da yadda za a yi wa kaya kuɗi idan wani ya ce a ba shi nasa ya fita, da tsawon lokacin biyansa. Mai fita ya karɓa kashi-kashi, kar a kwashe jari rana ɗaya.

Wanda ka rubuta a fom ɗin banki a matsayin makusanci ba shi ne magaji ba. Banki zai rufe asusu har a kawo takardar kotu, kuma hakan na ɗaukar lokaci. A bar wa iyali abin cefane na wata uku zuwa shida a inda hannunsu zai kai, a rubuta cewa na gida ne.

Tsufa kuma nasa shirin daban. Ma'aikaci ana cire masa kashi 8 cikin ɗari, wurin aiki ya ƙara 10, bisa dokar fansho ta 2014. Ɗan kasuwa ba mai cire masa, sai shi. Hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta buɗe tsarin fansho na masu sana'ar kansu a 2019, ana zubawa kullum, ko mako-mako, ko wata-wata, kuma akwai asusun da ba ruwansa da kuɗin ruwa. Akwai sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, da aka fara a 2017. Sai dai hauhawar farashi na cin kuɗin takarda, shi ya sa bai kamata a tara komai wuri ɗaya ba. Shago ko gidan haya a wata unguwa daban, wanda gobarar kasuwa ba za ta haɗa da jarinka ba, ya fi kwantar da hankali. Ka yanka wa kanka albashi daga shagon tun yanzu, ka riƙa ware kashi 10 daga ciki ranar da ka ɗauka, kafin kuɗin ya shiga aljihun cefane.