Ƙullutun da na yi wa sakaci

Ina da shekara 43 aka gano shi, a hoton cikin da aka yi mini don wani dalili daban. Ƙullutu ne a ƙwan haihuwata na hagu, santimita 4. Likita ta ce irin wanda suke kira damoyid ne, jaka mai kitse da gashi a ciki, wani lokaci har da haƙori. Ta ce ba ciwon daji ba ne, amma in riƙa zuwa hoto duk shekara. Rabin farko na maganarta kawai na riƙe. Na je sau biyu, na watsar.

Bayan shekara tara, al'ada ta riga ta ɗauke, sai marata ta fara nauyi, fitsari kuma ba ya barina barci. Na ɗauka girma ne. Da aka sake hoto, ya kai santimita 11.

A nan ne likitar ta zaunar da ni. Ta ce, "Hajiya, cikin ɗari irin wannan, ɗaya ko biyu ne ke rikiɗewa, amma galibi a masu shekarunki ne, kuma idan ya wuce santimita 10 muna ƙara sa ido." Ashe fatar da ke shimfiɗe a cikin jakar ce ke iya lalacewa, ta zama daji irin na fata, a ɓoye. Gwajin jinin CA-125, wanda ake yi don neman alamar daji, da na kafa wa rai ya fito lafiya ƙalau, ita kuwa ko a jikinta, domin ba kullum yake nunawa ba.

Na so a yi mini ƙaramar tiyatar nan ta kyamara don in warke da wuri. Ta ƙi. Idan jakar ta fashe a ciki, abin da ke cikinta zai watsu. Aka buɗe ciki, aka ɗauke ta ɗungurungum, tare da mahaifa da ɗayan ƙwan.

Saura kaɗan in sake wauta. Da ɗinki ya warke sai na ji kamar an gama, sai da 'yata ta matsa na koma karɓar sakamakon gwajin naman. Akwai daji a bangon jakar, amma bai fasa waje ba.

Yanzu duk wata uku nake zuwa a duba ni. Ranar tana rubuce a jikin ƙofar ɗakina, 'yata ce ta rubuta da manyan baƙaƙe.