Ragon Balami a kan tudun Filato: inda aka kwana

'Yan'uwa masu koyon kiwo, ga halin da garkenmu na gefen Bokkos yake ciki.

'Ya'yan farko da ragon Balami ya ba tumakin Yankasa sun isa yaye. Tun ranar haihuwa jinin uban ya nuna: ƙafa doguwa, kunne mai faɗi, kuma kafin wata uku sun bar tsaransu Yankasa zalla a baya. Iyayen ba su sha wuyar haihuwa ba, alhali nan ne fargabata take.

Shi ragon dai damina ba ta yi masa daɗi ba. Balami dabbar Borno ce, rairayi da busasshiyar iska ta sani. Mu kuwa muna sama da mita 1,200, ruwa daga Afrilu har Oktoba, ga sanyi ga laka. Kofatonsa ya yi laushi har ya fara ɗingishi, sai da na ɗaga masa turke da katako. Yankasa ko a jikinsu. Don haka na tsaya a ruwa biyu: uwa 'yar ƙasa, uba Balami. Mazan a turke su don Babbar Sallah. Idan aka ci gaba da ƙara jinin Balami a matan, girma zai ƙaru, amma juriyar da ke riƙe garke a kan dutse za ta tafi.

Tsutsar ciki ce babban aikin mai kiwon da ba ya dogaro da magani. Na raba makiyayar gida-gida, ba sa wuce kwana huɗu a wuri ɗaya, domin a damina ƙwan tsutsa kan ƙyanƙyashe ya iya kama dabba cikin mako guda. Wurin da suka bari yakan huta fiye da wata. Ba na sakinsu sai raɓa ta bushe, fadama kuma an haramta musu saboda ciwon hanta. Duk mako biyu ina jan fatar idonsu ta ƙasa: ja lafiya, fari-fari jini ya yi ƙasa, wannan kaɗai ake ba magani. Rigakafin PPR, wato annobar tumaki da awaki, na cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kuwa kowa ya samu. Kada wani ya ce muku kiwon gargajiya ya hana allura.

Takin turken ya tafi gonar dankalin turawa. Yanzu harawar wake nake tarawa, a watan Nuwamba kuma za a sake haɗa ragon da tumakin, don haihuwa ta faɗo da sabuwar ciyawar Afrilu.