Asabar a Bauchi: Destroyer Uku, Kowanne da Tashinsa

Asabar, tsakiyar hunturu. Iskar arewa maso gabas ta taso tun da hantsi, irin wadda ke tona asirin kowane faifai. A filin da ke bayan gari ta hanyar Dass muka gwada faifan nisa na wasan golf ɗin faifai, wato wasan jefa faifan roba har ya faɗa kwando, samfurin Destroyer na kamfanin Innova, a roba uku: DX da Star da Champion. Mazubi ɗaya ya fitar da su, nauyinsu kusan gram 175, lambobinsu ma iri ɗaya ne: 12, 5, -1, 3. Ta farko gudu, ta biyu shawagi, ta uku karkatar da faifai ke yi dama yayin da yake da ƙarfi, ta huɗu dawowarsa hagu idan ƙarfin ya ƙare. Wannan lissafin mai jifa da bayan hannun dama ne, bahago sai ya juya shi.

Da aka fuskanci iskar, na Champion ya riƙe layinsa bai ko russuna ba, daga ƙarshe ya karyo hagu da ƙarfi. Na Star ya ɗan leƙa dama kafin ya dawo, kuma shi ya fi nisa. Na DX, wanda ya riga ya sha ƙasa, ya kife dama, ya sauka a kan bakinsa, ya yi ta gangarawa cikin ciyawa. Iskar gaba tana ƙara saurin iskar da ke ratsa faifan, sai ya yi kamar an jefa shi da ƙarfin da ya wuce na hannun mai shi. Shi ya sa ranar iska ce ranar gwaji.

Wani matashi da ya zo kallo ya ce, "Yaya, to lambobin nan ƙarya ne ke nan?" Ba ƙarya ba ne, sai dai mazubin suke siffantawa, ba faifan da ke hannunka ba. Ana ɗura narkakkiyar roba ne cikin mazubi mai ɓari biyu, inda ɓarin biyu suka haɗu kuma sai wani siririn layi ya fito a kewayen baki. Bayan an cire faifan yana huce, robar tana tsukewa, kowace irin roba da yadda take tsukewa, kamar yadda masu zubin tukwanen dalma suka san ƙarfe kan ja jiki in ya huce. Wannan tsukewar ce ke ɗaga fiffiken, wato kewayen bakin faifan, ko ta sauke shi, ta sa doron faifan ya tashi ko ya kwanta. Layin in ya yi sama, faifan zai yi taurin kai, ya ƙi karkata dama. In ya yi ƙasa, zai yi saurin kifewa.

Gwajin ba ya buƙatar wani kayan aiki. A ɗora faifai biyu a kan gilashi ko teburi mai sulɓi, a haɗa bakinsu, a sunkuya har ido ya daidaita da su. Yau layin na Champion ya ɗara na Star da abin da bai kai milimita ɗaya ba, ga shi kuma a sama bambancin ya kai taku da yawa. Fiffiken Destroyer faɗinsa santimita 2.2 ne, kusa da iyakar 2.6 da PDGA, hukumar da ke kula da wasan, ta yanke, kuma duk faifai mai faɗin fiffike haka ƙaramin canji ke yi masa babban tasiri. Har a roba ɗaya ma, zubin bana kan saɓa da na bara. Akwai kuma ɗan kaifin roba da ke saura a ƙarƙashin bakin sabon faifai, yana ƙara masa taurin kai, yana yankar yatsa. Dokar wasan ta yarda a goge shi sama-sama da samfefa, amma ba ta yarda a sake wa faifai siffa ba.

A nan Bauchi abin da ya fi damuna shi ne lalacewa. Ƙasarmu tsakuwa ce da marmara, ga duwatsu ko'ina, ga darbejiya da ƙaya. DX sabonsa ba shi da laifi, yana kama hannu ƙwarai, kuɗinsa kuma kusan rabin na Star ne. Amma karo ɗaya mai kyau da kututture ya isa ya lanƙwasa bakinsa ƙasa, layin ya sauka, tsakuwa kuma ta yi ta gutsurarsa. Tashin da ka saba da shi wannan makon ba shi za ka samu ba a mako mai zuwa. Champion kuwa sai ya bugi dutse ya tashi da ɗan ƙarzani kawai, ya daɗe ƙwarai yana tashi yadda aka san shi. Star na tsakiya ne, a hankali yake laushi, kuma ni a ganina wannan laushin a hankali shi ne daɗinsa. Tunda daga waje ake odar kayan nan da dala, arhar DX a faifan nisa ba arha ba ce. A bar shi ga faifan jefawa kwando, wanda ba ya cin karo da ƙarfi. A wajen kamfanin Discraft, robar Z ce ke tsaye a matsayin Champion, ESP a matsayin Star. Kamfanin Latitude 64 na Suwidin kuma suna da Opto da Gold Line.

Sai dai ba kowace kifewa ce laifin roba ba. Hunturu yana busar da hannu, ƙura tana hawa faifai, Champion kuma dama santsi gare shi. In ya suɓuce yana rawa a fitarsa, zai karkata dama ko da layinsa na sama ne. Tsumma mai ɗan danshi a aljihu yana maganin wannan. Da bazara matsalar daban ce: faifan da aka bari a but ɗin mota da kaya a kansa yakan yi laushi ya murɗe, musamman na robar GStar da ire-irensa masu taushi. A jera su a tsaye cikin jaka, a inuwa.

Matashin ya so ya fara da Destroyer na Champion don ya ga bai jin iska, na ce masa a'a. Faifai mai gudu 12 a roba mai tauri, in hannu bai kai ba, da ya bar yatsu zai faɗi hagu. Faifan Leopard mai 6, 5, -2, 1 a robar Star, gram 160 zuwa 165, ya fi dacewa da shi. In hannunsa ya buɗe har Leopard ɗin ya fara kife masa a iskar gaba, sai ya ƙara da faifan Teebird na Champion.