Abin da gangaren Kurra ya koya mani kan wutar ruwa

Duk wanda ya yi karatun lantarki nan Maradi, makarantar fasaha ta Dan Kasawa ce ko jami'a, ya san lissafin nan da mushe ke rubutawa bisa allo: ƙarfin wutar da ruwa ke badawa shi ne yawan ruwan da ke wucewa cikin sakan guda, a ninka da tsawon faɗuwarshi, a ninka da 9.81. Munka haddace, munka ci jarabawa da shi. Yawan ruwa, wanda ake rubutawa da harafin Q, kowa ya gane, to amma tsawon nan da ake rubutawa da harafin H, ga yaron da ya tashi ƙasa shimfiɗaɗɗiya irin tamu, wanda gangaren da ya sani bai wuce na sauka gulbi ba, wallahi harafi ne kawai.

Sai lokacin sitaj anka kai mu ziyara Najeriya, ta Dan Isa, Jibiya, Katsina, Kano har Jos, daga nan munka gangara wajen Barikin Ladi inda tashar Kurra take. Tarihin wurin da kuza ya faro. Turawan da ke haƙar kuza a tsaunin Filato suna son wuta don injinansu, shi ne sunka fara gina ƙaramar tashar ruwa a Kwall cikin 1923, mai megawat 2, daga baya kamfanin NESCO da anka kafa 1929 ya kama aikin Kurra, wadda ƙarfinta ya kai wajen megawat 8. Ku duba fa, lokacin Maradi tana can cikin kwari, ba a ma yi ambaliyar 1945 da ta sa anka maido gari bisa tudu ba, amma can ruwa na juya injin.

Wanda ya jagorance mu ya ce ba mota, da ƙafa za mu bi ruwan tun daga tafkin da anka tare shi har inda yake fita. Wasu sunka fara guna-guni, musamman wani abokinmu da ya sha takalmin zuwa ofis mai santsi, sai da ya gwammace ya riƙe su a hannu. Sama dai tafiyar daɗi gare ta, iska mai sanyi don wurin ya haura mita 1,200 bisa teku, ga duwatsu manya an jera wani kan wani, ga gonakin dankalin turawa da shingen ƙyarana, ruwan kuma yana tafiya a hankali ba hayaniya, har na ce a raina wanga ɗan ruwan ne zai ba gari wuta? Gulbinmu in ya kawo cikin Agusta ai ya fi shi cika ido.

Inda ruwan ke shiga bututu nan labari ya sake. Bututun ƙarfe ne mai kauri ya kama gangare ya yi ƙasa, mu kuma muna binshi gefe, gwiwa na rawa, kana dafa dutse kana kallon inda za ka sa ƙafa. Na ɗora tafin hannuna bisa ƙarfen, sanyi ƙalau, kana jin wani ɗan kaɗawa a ciki. Da munka isa ƙasa anka nuna mana agogon matsin ruwa, sannan mushe ya tuna mana kowane mita 10 na tsawo bar guda yake ƙarawa (bar shi ne ma'aunin matsin ruwa), kamar dai shaton ruwa na unguwa, in ya yi mita 20 famfon da ke gindinshi bar 2 zai samu. Ruwa mita kib guda a sakan in ya faɗo mita guda, wutar da ke cikinshi ba ta kai kilowat 10 ba, amma shi wannan ruwan dai in ya faɗo mita 100 ya doshi kilowat 1,000, a cire asarar bututu da ta injin a tashi da wajen 800. Ba a ƙara ko bokiti ba. Hawan da munka yi muna haki wajen komawa, shi ne H ɗin, cinyoyina sunka rubuta shi da kyau.

Darasi na biyu kuma ba ya cikin kayen kowa. Bakin bututun akwai raga ta ƙarfe mai tare ganye da itace da leda, wani dattijo ke tsaye da doguwar manjagara yana kwashewa. Na gaishe shi na ce Baba, kullum haka ake yi? Ya ce ɗana, in damina ta kama ko barci ba ka yi da kyau, raga ta toshe ruwa ya ragu, ruwa ya ragu injin ya sassauta, su na ƙasa su fara nemana. Shi bai taɓa jin 9.81 ba amma ya san wuta daga manjagararshi take farawa. Cikin ɗakin injin ma haka, ana rubuta zafin beyarin da matsin mai cikin littafi da hannu, ana shafa giris, ido na bisa allurar da ke nuna saurin bugun wutar (hertz), wadda dole ta zauna kan 50, in gari ya ƙara jan wuta na'ura ta buɗe ma ruwa hanya, in an rage ta rufe. Mu ɗalibai duk hankalinmu na kan sabon kaya, wane iri ne, daga wace ƙasa, alhali ƙarfen da ya girmi kakanninmu yana aiki saboda akwai mai zagayawa da tsumma da gwangwanin mai. Yanzu da nike aikin sa fannon sola da batir cikin gari ina ganin abin kullum, mutum ya kashe kuɗi masu yawa, ƙurar hunturu ta rufe fannon, ba mai hawa ya goge, sannan ya kira ka ya ce kaya jabu ne.

Tun daga tafiyar nan na daina shiga gardamar fada da ake yi duk sadda anka ɗauke wuta, wai mi zai hana a tare Gulbin Maradi a yi baraj mu huta. Gulbi damina kawai yake gudu, rani ya yi sai yashi, can sama kuma madatsar Jibiya ta riga ta riƙe wani kaso don noma da sha, uwa uba babu gangare. Ba Q na shekara, ba H. Mu nan ma akasin haka muke yi, Jiratawa da wuta ake jawo ruwa daga ƙasa a ba gonaki. In babu tsawo sai dai ruwa mai yawan gaske, irin na Kainji bisa kogin Kwara, da anka gama 1968 mai megawat 760. Namu na Kandaji can Tilaberi bisa kogin guda yake, megawat 130 anka tsara, tun 2008 Tanja ya aza tubalin. Kuma ko an gama shi sai an ja layi mai nisa kafin ya iso mu, don wutar Maradi da Damagaram ta layin Katsina take shigowa, wanda duk ya kwana cikin zafin Agustan 2023 da Najeriya ta yanke ya san haka.

Yaran da ke koyon aiki wurina, kafin in ba su lissafin famfon sola sai na sa su hau tsanin shato da jarka cike su sauko, sannan mu zauna mu auna zurfin rijiyar mu ga fanno nawa za ta ci.