Kwana ɗaya a Samaru: ashe ba iri kaɗai suke yi ba

Duk shekarun da na yi ina wucewa ta gaban IAR, cibiyar binciken aikin gona da ke Samaru a Zariya, in zan tafi Funtuwa ko in na kai wani ABU, abin da ke kaina kawai shi ne wurin sayar da irin masara ne mai kyau, sai makon jiya da na kai wa Yaya saƙon Goggo, shi ɗan wan babana ne kuma a can yake aiki, na ce minti goma zan yi in juya, wallahi sai bayan la'asar na bar wurin.

Shi aikinsa ƙwari. Eh, ƙwari dai da kuka sani. Na same shi da wasu robobi an rufe bakinsu da yadi kamar na tatar koko, a ciki tsutsotsi ne ke cin furen wake, yana ta ƙirga su yana rubutawa a wani littafi da duk ya sha hannu. Na ce Yaya yanzu duk karatun nan da aka yi har da digiri na uku, kiwon tsutsa aka ƙare? Ya yi dariya ya ce kai dai zauna, wannan da kake rainawa sunanta maruka, in ta shiga gonar wake tana iya cinye mafi yawan amfanin, ita ce ta sa manomi yake feshi sau shida har takwas a damina ɗaya. Saboda ita aka fitar da waken SAMPEA 20-T a ƙarshen 2019, aikin da Farfesa Mohammad Ishiyaku ya jagoranta, an ɗauko wani sinadarin gado daga wata ƙwayar halitta da ke cikin ƙasa aka sa wa waken, in tsutsar ta ci sai ta mutu, feshi ya dawo kamar sau biyu. Na san akwai masu ja da irin wannan iri, ni ma na yi masa tambayoyi har ya gaji da ni, amma wannan hira ce ta wata rana.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne da ya zaga da ni. Ƙofa ɗaya ka buɗe mai ƙwari ne, ta gaba mai cututtukan shuka, ta gabanta wani ne da ya shekara ashirin ba abin da yake yi sai ƙasa, jar ƙasa, yashi, laka, an ɗebo daga ƙauyuka an ƙulla a leda an rubuta sunan gari, yana auna me ta rasa me ya yi mata yawa. Akwai masu haɗa auren tsirrai, su ne ke fitar da iri, shi ya sa duk sunayen suke farawa da SAM, wato Samaru, masara SAMMAZ, dawa SAMSORG, gyaɗa SAMNUT, auduga SAMCOT. Akwai wanda rayuwarsa duk a kan wuta-wuta ta ƙare, ciyawar nan mai fure ja-ja da ke maƙale wa saiwar dawa ta tsotse ta. Ga injiniyoyi masu ƙera injin casa da na shuka, ga masu noman rani da tasharsu take Kadawa ta wajen Kano, ga masu auna ruwan sama kullum safiya.

Wurin fa ba na jiya ba ne, tun 1922 Turawa suka fara bincike a nan, da aka kafa ABU a 1962 sai ya koma ƙarƙashinta.

Yaya ya ba ni labarin gyaɗa. A 1975 kuturun gyaɗa ya shigo ya share gonaki a Arewa, yana cikin abubuwan da suka kwantar da dalar gyaɗa ta Kano, to ita cutar ƙwayar cuta ce, amma darɓa, wasu ƙananan ƙwari masu tsotsar shuka, ke ɗaukarta daga wannan shuka zuwa waccan, ka ga mai cututtuka shi kaɗai ba zai iya ba sai da mai ƙwari, su biyun kuma ba abin da za su miƙa wa manomi sai mai fitar da iri ya zo ya samar da gyaɗar da ke jurewa, irin su SAMNUT 24 da ke nuna da wuri. Ya ce a taro har musu suke yi sosai, kowa gani yake nasa fannin ne uwa.

Amma wadda ta fi burge ni wata Dakta ce da ba ta taɓa tsutsa ba ta taɓa ƙasa, ita tattalin arzikin manoma take karanta, aikinta shiga ƙauye da takardar tambayoyi. Na gaishe ta na ce Hajiya ke kuma me ya haɗa ki da su? Ta ce ɗana, za a iya shekara goma ana gyara wake, ya yi yabanya ya ba da buhuna, a kai ƙauye mata su ce ba ya dahuwa da wuri yana cin itace, ko ƙosansa ba ya tashi, ko maigida ya ce ba shi da harawa me zan ba tumaki da rani, shikenan an ajiye shi. Ta ce tun shekarun 1960 wani Bature mai suna David Norman ya zauna da manoman ƙauyukan Zariya, lokacin ana yi wa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya kallon rashin wayewa, da ya yi lissafi sai ya ga manoman sun san abin da suke yi, in ɗaya ya ƙi ɗaya zai yi, kuma ga ƙarancin hannun aiki lokacin noma. Nan na tuna kakanmu, Allah ya ji ƙansa, da yadda muke masa dariya in ya jefa wake tsakanin kunyoyin dawa.

Da zan tafi Yaya ya ƙulla min wake kamar rabin mudu ya ce in kai wa Goggo ta dafa, kuma don Allah ta duba agogo ta faɗa masa minti nawa ya ɗauka, Daktar ce ke son sani. Goggo ta ce ita ba ta girki da agogo, amma a gaya musu itace uku ya ci.